Hannun Adda, Sunan Ishaku

"Abu ɗaya na tambaye ka, Ishaku. Sunan wa ka ba su?"

"Adda, na riga na gaya miki. Layi ne dogo, mai rubutun yana sauri, ya ce suna, na faɗi wanda ya zo bakina."

"Sai naka ya zo."

"To na wa zai zo? Ni ne tsaye a gabansa."

Ruƙayyatu ta tsaya da ludayin kullu a hannu tana kallon ƙanen nata, wanda ta goya har ya yi wayo. Jiya ya dawo daga Maiduguri, inda ta aike shi da ƙyallayenta wurin baje kolin sana'o'in hannu na Jihar Arewa maso Gabas. Ita ba a bar ta ta je ba. Bappa Jalo, wan mahaifinsu marigayi, ya ce ba a kai 'yar gidan mutunci inda maza ke taruwa suna ƙare mata kallo. Da Ishaku ya dawo, cewa kawai ya yi an yaba. Sai da safen nan maƙwabciyarsu Keturah, malamar ɗinki 'yar Numan, ta leƙo ta kan katanga ta ce ta ji a rediyo: zanen da ya zo na ɗaya na wani saurayi ne daga Jimeta mai suna Ishaku, kuma wata masaƙa a Kaduna za ta buga shi, ta ɗauki mai shi ta koya masa aikin zanen atamfa.

Damina guda zanen nan ya ci mata. Ƙahonin farar saniya ne ta jera, kowane ya sarƙe da na kusa da shi, yadda in mutum ya ja da baya sai ƙahonin su ɓace ya ga igiyar ruwan Binuwai tana tafiya. Da gashin kaza ta ja kowane layi, tana tsoma shi a kullun rogo, ta shanya, ta tsoma a ruwan baba na rini, ta kankare, ta sake. Tun da mijinta ya rasu a hanyar Numan ta dawo gida, ba abin da ya riƙe zuciyarta sai wannan aikin. A cikinsa take kuka, a cikinsa take dariya.

Ta juya wajen mahaifiyarsu. Hajja na zaune a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, kuma duk abin da aka faɗa a kunnenta aka faɗe shi. Ba ta ɗago ba.

Ruƙayyatu ba ta yi mamaki ba. Ita ce 'yar fari, Hajja kuwa Bafulatana ce ta cikin garin Yola, wadda zaman unguwar Dubeli ta Jimeta bai rage mata komai na al'ada ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa a gaban mutane. Tun tasowarta "ke" take ji, ko "Addarku", wato yayarku, in da ƙannenta ake magana. Ta saba, har tana ganin wani irin so ne mai lulluɓi. Amma yau ta so a ce lulluɓin ya ɗan zame.

Da la'asar Bappa Jalo ya rufe shagonsa na atamfa ya zo. Ya zauna a kan buzu, ya sha ruwa, ya yi magana mai tsawo cikin sanyin murya, irin ta wanda ya gama yanke hukunci tun a hanya. Ya ce abin alheri ya shigo gida, kada shaiɗan ya mai da shi fitina. Ya ce ita da Ishaku nono ɗaya suka sha, in an kira sunansa ai sunanta aka kira. Ya ce ko da ita aka ba wa gurbin, wa zai bar ta ta je Kaduna ta zauna cikin maza da injina? Sai gurbin ya tafi gidan wasu. Daga ƙarshe ya kawo abin da ya zo da shi: masaƙar tana son ganin ƙarin zane kafin ta tabbatar da yaron, kuma wani jami'i zai zo daga Maiduguri ya ga inda ake aikin.

"Ki taimaka ki zana masa a shiga tukuna, 'yata. In ƙafa ta kafu, gyaran suna ai ba wuya."

Ta ce ba za ta yi ba. A zuciyarta ta faɗa, don ba a musu da Bappa.

Washegari da ta fito, ta tarar da kullun rogo an dama an tace, an rufe da faifai an ajiye a ƙofar ɗakinta. Hajja ce. Haka take roƙo, ba da baki ba. Ruƙayyatu ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta durƙusa ta ɗauka. Ta gaya wa kanta jami'in yana zuwa, kuma mai ido zai gane.

Daga nan kwanakinta suka zama iri ɗaya, kowace rana ta fi ta jiya nauyi. Da can in zane ya zo mata take yi, wani lokaci ta bar shi mako tana kallo kafin ta ƙara layi. Yanzu Ishaku ke tsayawa a kanta da sabon agogonsa, yana cewa mutanen Kaduna sun fi son ja, a ƙara ja. Ruwan baba ba ya ba da ja, sai aka koma galura da soda. Sodar ta cinye mata fatar yatsu, ta tsattsage gefen farce, har in ta sa hannu a miya sai ta cije leɓe. Idanunta suka fara ruwa saboda duƙawa a kan farin ƙyalle cikin rana. Duk zanen da ta gama, Ishaku ya ɗauka ya shige ɗakinsa, ya ɗora takarda mai shara-shara ya bi layukan da fensir, don hannunsa ya saba da su. Yana fitowa ya ce, "Adda, wannan lanƙwasar ta yi wuya, ki riƙa sauƙaƙawa."

Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Yakan sayo mata man shafawa don hannun. Yakan zauna kusa da ita ya ba ta labarin yadda ya gaji da yawon ofisoshi da takardar sakandare ba aiki, yadda abokansa ke masa dariya. Ya ce in ya samu ai ita ta samu, keken ɗinki zai fara saya mata. Ta ce ita ba tela ba ce. Ya yi dariya, bai ji abin da ta faɗa ba.

Mata suka riƙa shigowa barka. Hajja, wadda bakinta ke ɗaure a kan 'yar fari, a kan Ishaku a sake yake. Tana murmushi tana amsawa, tana cewa Allah ne ya dubi maraya. Wata tsohuwa ta dubi Ruƙayyatu tsugune gaban tukunya ta ce Allah ya yi mata albarka da take taya ƙanenta wanke-wanken rini.

Keturah kaɗai ke faɗa. Duk sanda ta ga Ishaku a ƙofar gida sai ta ce, "Mai zane, ina kwana? Zana mini kaza ɗaya mana in kai wa yarana." Shi kuwa ya ce yana sauri. Ta sha gaya wa Ruƙayyatu cewa shirun nan nasu na Fulani zai kashe ta wata rana, ita kuma ta ce ba za ki gane ba. Keturah ta ce ta gane sarai, shi ya sa take jin haushi.

Bayan ƙaramar salla atamfar ta iso Jimeta. Bappa Jalo ya sa aka jera ta a gaban shago, kafin mako ya zagayo matan kasuwa sun raɗa mata suna, Ƙahon Ishaku. Ya aiko wa Ruƙayyatu turmi guda, wai tukuici.

Ta shiga ɗaki ta warware shi a kan gado. Ta daɗe tana mafarkin ranar da za ta ga aikinta ya fito daga inji, yadi bayan yadi, ya zaga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Ga shi kuwa. Amma an lalata shi. Zanen atamfa maimaituwa yake, dole ƙarshensa ya kama farkonsa, kuma ita ta san inda bakin ya kamata ya haɗu. Da suka tambayi Ishaku, ya nuna musu inda ya ga dama. Ƙahonin suka rabu da juna, kowane ya tsaya shi kaɗai. Ta ja da baya har bango tana neman kogin, babu shi. Ta zauna a ƙasa ta kifa fuska a kan atamfar, ƙamshin sabon kaya na shiga hancinta, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo mata labarin mijinta.

Da ta nuna wa Bappa kuskuren, ya ce ai ana saye.

Jami'in ya zo ranar wata Laraba da hantsi. Sunansa Mista Albert, dogo mai tabarau, ƙafafunsa duk laka daga wurin fito a bakin kogi. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida don ya ga tukwanen. Bappa Jalo ya zo da abokansa biyu cikin manyan riguna. Ishaku ya baje zanen yana bayani da Turanci, kalmomin da ya tsinta a bakin yayarsa yana juya su. Ruƙayyatu na bakin madafa, an ce ta kawo ruwa ta koma.

Amma Keturah ta riga ta tare mutumin a hanya, ta gaya masa abin da ta sani. Shi ya sa da ruwan ya iso, bai dubi kofin ba, hannun da ya miƙo shi ya duba, shuɗi har wuyan hannu, yatsu a tsattsage. Ya tambaya ko ita ma tana aikin. Ishaku ya yi sauri ya ce ita ke tsoma masa a baba.

Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. A gaban Bappa, a gaban baƙi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni na zana su. Dukansu."

Bappa Jalo ya yi 'yar dariya, ya ce wa baƙon ya yi haƙuri, yarinyar ta sha wahalar rashin miji, kuma tana ƙaunar aikin ƙanenta har tana jin nata ne. Ishaku ya sunkuyar da kai yana wasa da agogo.

Mista Albert ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi ba alƙali ba ne, kuma bai zo raba 'yan'uwa ba. Amma ga uwa nan zaune, wadda ta haifi duka biyun, a gabanta ake komai. Abin da ta faɗa shi zai ɗauka ya tafi da shi. Ya juya wajen darbejiya ya rusuna.

"Mama, wa ke yin zanen nan?"

Ruƙayyatu ta dubi mahaifiyarta. Ba ta nemi yabo ba, ba ta nemi a kira sunanta ba. Ko da haɓa Hajja ta nuna ta, ya isa. Ta ga yadda yatsun tsohuwar suka damƙe bakin mayafi, ta ga idon Hajja ya je kan Bappa, wan mijinta, ya dawo ƙasa.

"Na gidan nan ne," in ji Hajja. "Yaran ne."

"Wanne daga ciki, Mama?"

Wata kaza ta ratsa tsakanin tukwanen. Hajja ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ga Ishaku nan, ku tambaye shi."

Baƙon bai san al'adar ba. Shi dai ya ji uwa ta ambaci suna ɗaya, ya ɗauka amsa ce. Ya mai da tabarau, ya yi wa Ishaku murna, ya ce ya shirya nan da ƙarshen wata. Da zai fita ya dubi Ruƙayyatu da tausayi, irin kallon da ake yi wa mara lafiya, ya ce ta ci gaba da taimaka wa ɗan'uwanta.

Bayan sun watse, ta sami Hajja a ɗaki tana ninke kaya waɗanda a ninke suke. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta tambaye ta ko ba ta ga ranakun da ta yi a duƙe ba, ko ba ita ke dama mata kullun ba. Hajja ta ce ta gani. Ta ce amma a ina aka taɓa jin uwa ta buɗe baki ta ɗaga 'yar fari a gaban surukai da baƙi? Da wane ido za ta sake duban mutanen Yola? Uwarta ba ta yi mata ba, kakarta ba ta yi wa uwarta ba, kuma yabon uwa baki yake jawo wa ɗa. Ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce Ishaku ne ya zana ba, cewa ta yi a tambaye shi.

"Da ni ce na ɗauki aikinsa, Hajja, aka tambaye ki, me za ki ce?"

Hajja ta ci gaba da ninke kayan. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, namiji ne, shi zai riƙe gidan, ke kuwa gobe wani zai zo ya ɗauke ki.

A nan Ruƙayyatu ta gane. Kunya gaskiya ce, ta san Hajja na jin ta har cikin ƙashi. Amma kunyar nan ta san inda take faɗuwa. Ba ta hana a dama kullu a ajiye mata a ƙofa ba, ba ta hana a karɓi barka ba, ba ta hana Bappa jera atamfa a shago ba. Wuri ɗaya kawai ta tsaya ta toshe, wurin da kalma guda za ta fito ta ba mai haƙƙi haƙƙinta. An ɗauki al'adar da aka yi don kare ɗa daga bakin duniya, an lulluɓe ƙwace da ita, kuma kowa a gidan ya kwana da zuciya fara, don ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya yi rantsuwar ƙarya. Ita kaɗai ce mara kunya, don ita ce ta yi magana.

Haka kuwa aka ɗauke ta. Bappa ya daina amsa gaisuwarta da kyau. Matan unguwa suka riƙa cewa baƙin ciki take yi da ƙanenta. Tukwanen suka yi kwanaki a rufe, ruwan baban ya yi kumfa ya mutu, ba wanda ya ce mata komai, sai ƙwaryar kullu da ke bayyana a ƙofarta kowace safiya, ta yini a wurin, da yamma a zubar.

Ranar tafiya, gida ya cika tun da sassafe. An ɗaure akwatin Ishaku da igiya, an soya masa nama, motar da za ta kai shi bakin fito tana jira a waje. Bappa ya yi addu'a aka shafa. Sannan ya kira Ruƙayyatu, a gaban kowa, da muryar nan tasa mai sanyi. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, ya yafe mata. Ya ce an shirya da wani direba da ke zuwa Kaduna, duk wata za ta ba shi sabon zane ya kai wa yaron a ɓoye, har ya tsaya da ƙafarsa.

Ishaku ya matso, idonsa ya yi ja. Ba alfahari a fuskarsa yanzu, tsoro ne zalla.

"Adda, don Allah. In suka ba ni farar takarda suka ce in yi sabo, ban san ta inda zan fara ba. Kore ni za su yi. Da wace fuska zan dawo garin nan?"

Zuciyarta ta karye, don har yanzu yaron da ta goya take gani. Ta san in ta ƙi, kunyar da zai sha ta gaske ce, kuma gidan ba zai yafe mata ba. Ta san in ta yarda, haka za ta tsufa a bayan madafa, hannunta na ciyar da sunan wani, har ranar da idon zai daina gani. Ta dubi Hajja, Hajja na kallon ƙasa. Ta dubi Keturah da ke tsaye a bakin zaure da hannu a ƙugu.

"Keturah, rumfar nan ta gaban shagonki a kasuwa, akwai mai ita?"

"Babu. Ko akwai ma, yau zai tashi."

Bappa ya ce me yake ji haka, 'yar ɗan'uwansa a kasuwa, tsugune cikin 'yan koli da masu kifi? Ya ce in ta taka wurin, kada ta ƙara kiransa Bappa.

Ruƙayyatu ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta sunkuyar da kai, amma muryarta ta kai har zaure.

"Allah ya huci zuciyarka, Bappa. Ishaku, Allah ya kiyaye hanya, ka je ka koya da hannunka kamar kowa. Ni ko layi ɗaya ba zan aika ba. Yau zan kwashe tukwanena in kai kasuwa, in zauna a tsakiyar mutane in yi aikina, duk mai son sanin wa ke yi ya tsaya ya kalla."